Yadda Ake Duba Tsohon Komik Kafin a Biya Kuɗinsa

A watan Afrilun 2024 gidan gwanjon Heritage da ke Dallas a Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na Action Comics lamba 1 a kan dala miliyan 6. A 1938 aka buga shi, ana sayar wa yara a kan santi 10, wato kwabon Amurka, kuma a cikinsa Superman ya fara fitowa. Irin wannan labari ne ke sa mutum ya ga tsohon komik, wato littafin labari cikin zane, a cikin kwali ko a kasuwar intanet, ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Sau da yawa ba haka abin yake ba, domin tsufa kaɗai ba ya sa wa komik kuɗi.

Na shekarun 1930 da 1940 sun yi tsada ne saboda sun ƙare. A kan takardar jarida aka buga su, yara suka karanta suka yar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka riƙa tattara tsofaffin takardu ana sake sarrafa su. Daga kwafi wajen dubu 200 na wancan littafi na 1938, waɗanda ake jin sun rage ba su wuce ɗari ba. Kwatanta shi da X-Men lamba 1 na 1991, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8, kowa ya saya ya adana a leda yana jiran ya yi tsada. Ya haura shekara 30 yanzu, amma har yau da 'yan daloli kaɗan ake samunsa. Abu uku ke haɗuwa su yi farashi: yawan masu nema, ƙarancin abin, da lafiyar kwafin da ke hannunka. Na ukun shi ne wanda idonka zai iya tantancewa, kuma a nan ake cutar mafi yawan masu saye.

Kafin ka taɓa shi

Kayan aikin ba su da yawa: tocila ƙarama mai farin haske, madubin ƙara girma, rula mai awon milimita, da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita. Ka wanke hannu da sabulu ka bari ya bushe sosai. Safar hannu ba ta da amfani a nan, tana kashe jin yatsa, mutum ya yaga gefen shafi bai sani ba.

Ka nemi izinin mai kaya kafin ka fitar da littafin daga ledarsa. Idan an rufe bakin ledar da salatif, ka cire salatif ɗin gaba ɗaya ka manna shi a gefen tebur tukuna. Yana kama bango lokacin zarowa, ya ɗauke launi, kuma ɓarnar daƙiƙa ɗaya ce da ba ta gyaruwa. Ka kwantar da ƙashin bayan littafin, wato gefen da aka ninka, a tafin hannunka kamar kana riƙe da kwano, ka buɗe shi rabi-rabi. Kada ka shimfiɗe shi a tebur ka danne, nan ne fil ɗin ƙarfen da aka ɗinke littafin da shi ke yaga takarda.

Wane littafi ne a hannunka?

Wannan tambaya tana gaba da maganar kyau ko muni. A ƙasan shafin farko, ko a cikin bangon gaba, akwai wasu ƙananan layuka da ke ɗauke da cikakken sunan littafin, lambarsa, wata da shekara, da sunan kamfanin da ya buga. Da su ake aiki, ba da abin da ke kan bango ba. Idan an sake bugawa, yawanci nan za ka ga shekarar sabon bugun, ko kalmar reprint, ko second printing, ko facsimile.

Farashin da ke jikin bango ma sheda ne. Komik na Amurka mai girman yau da kullum santi 10 ne har zuwa wajen ƙarshen 1961, ya koma 12 har 1969, sannan 15, ya kai 20 a farkon shekarun 1970, 25 a tsakiyarsu. Hatimin Comics Code na hukumar tace komik ta Amurka, mai kama da kan sarki a kusurwar sama, sai bayan 1954 ya fara fitowa. Layukan nan da na'urar kanti ke karantawa kuwa sai wajen 1976. Duk littafin da aka ce na 1962 ne amma yana ɗauke da waɗannan layuka, an gama magana.

Akwai tarko ɗaya da ya daɗe yana kama mutane. A 1974 kamfanin DC ya sake buga wasu shahararrun littattafansa na farko, har da na 1938 ɗin nan, a jerin Famous First Edition, shafi da shafi kamar na asali, da ƙarin bango mai kauri a waje. Sai a cire bangon wajen a kawo maka na cikin a ce na asali ne. Rula ce ke tona asiri: sabon bugun ya kai santimita 34 a tsaye, na asalin bai wuce wajen 26 ba.

Idan ka ga 9d ko 10d ko 1/- a wurin farashi, wato nai, ko kwabo goma, ko sule ɗaya a tsohon lissafi, kada ka ɗauka jabu ne. Tun daga 1960 kamfanin komik na Marvel ya riƙa buga wani kaso na littattafansa da farashin Ingila, a maɗaba'a ɗaya kuma a lokaci ɗaya da na Amurka. Bugun farko ne sosai, sai dai a al'adance kasuwa ta fi biyan mai farashin Amurka. Wannan daban yake da mujallun da kamfanonin Ingila suka sake bugawa da kansu, yawanci baƙi da fari a ciki, waɗanda darajarsu ba ta kusanci ta asalin ba.

Ƙirga kafin ka yaba

Daga ciki ake fara duba komik, duk da cewa bango ne ke jan ido. Littafin shekarun 1960 da 1970 yawanci shafi 32 ne ban da bango: manyan takardu 8 aka ninka biyu aka ɗinke da fil biyu na ƙarfe. Saboda haka falle 8 za ka ƙirga kafin ka isa tsakiya inda bakin fil yake, falle 8 kuma bayansa. Na farkon zamani masu shafi 64, falle 16 ne kowane ɓangare. A shekarun yaƙi an rage shafuka, don haka ka duba adadin da ya kamata a rumbun bayanan komik na intanet mai suna Grand Comics Database kafin ka yanke hukunci.

Idan ka samu 7 da 7, takardar tsakiya ta fita. Ita ce ta fi ɓacewa domin bakin fil kaɗai ke riƙe ta, wani lokaci kuma hoto ne babba da yaro ya cire ya manna a bangon ɗaki. Idan ka samu 8 da 7, an yage falle ɗaya, yawanci na talla, kuma ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren zai yi sako-sako. Kada ka dogara da lambar shafi da ke jikin labarin, domin ba a lissafa shafukan talla a cikinta.

Sannan ka bi shafukan tallar ɗaya bayan ɗaya kana neman inda aka yanke da almakashi. Tsakanin 1974 da 1976 Marvel ta riƙa buga wani ɗan hoto mai kama da kan sarki a cikin littattafanta, yara suna yankewa suna tarawa. Incredible Hulk lamba 181 na Nuwamban 1974, wanda ake nema saboda jarumin nan Wolverine, yana cikin masu wannan hoto, kuma kwafi da yawa da ke yawo a kasuwa an yanke nasu. Daga waje ba za ka taɓa ganewa ba. Ramin bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma yana iya cinye kaso mai yawa na kuɗin littafin.

Takarda, fil da bango

Takardar jarida daga ɓawon itace da aka niƙa ake yin ta, tana ɗauke da sinadarin da ke juyewa ya zama asid idan ya haɗu da zafi da haske da iska. Shi ya sa take tashi daga fari zuwa ruwan madara, zuwa ruwan ƙasa, daga nan ta bushe ta riƙa karyewa. Gefen shafi ne ke fara canzawa, don haka ka kwatanta bakin takarda da tsakiyarta. Ka kai hanci kusa: tsohuwar takarda mai lafiya tana da ɗan ƙamshi mai sanyi, wadda asid ya ci tana warin tsami, mai fumfuna kuma tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba bayan damina. Ka duba ƙasan ledar da aka ajiye shi. Idan ka ga ɓurɓushin takarda kamar dusa, littafin ya fara mutuwa, kuma babu gwanin da zai dawo da shi. Mu a ganinmu gara bango mai ɗan rauni da takarda mai laushi a kan bango mai sheƙi da takarda busasshiya. Na farkon zai kai wa jikokinka, na biyun a hannunka zai ƙare.

Fumfuna ita ce abin da bai kamata a yi sassauci a kansa ba, domin tana yaɗuwa zuwa sauran littattafan da ke kwali ɗaya. Ɗige-ɗige masu launin tsatsa a farin wuri alamar laima ce ta dā. Tabon ruwa yakan bar layi mai duhu a bakinsa, takardar kuma ta yi tudu da kwari idan ka shafa.

A wajen fil, ka buɗe tsakiya ka duba ko takardar tana manne da duka biyun, ka kuma duba bangon haka nan. Tsatsa a jikin fil aibi ne, amma idan ta riga ta malala cikin takarda ta yi da'ira ja, ta ci wurin ke nan, nan gaba kaɗan bangon zai rabu.

Yanzu sai bango. Ka kashe hasken sama in da hali, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da takardar. Duk lanƙwasa da lotsawar yatsa da ba a gani a hasken ɗaki za su fito da inuwarsu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bambanta lanƙwasar da ta karya launi da wadda ba ta karya ba. Wadda ta karya za ka ga farin layi siriri inda tawada ta tsage, kuma ta zauna ke nan har abada. Wadda ba ta karya ba, guga tana iya kwantar da ita. Ka bi ƙashin baya daga sama zuwa ƙasa kana ƙirga ƙananan layukan da ke gicciye, ka auna tsagewar da ke sama ko ƙasa da rula, ka duba ko ƙashin bayan ya murɗe ya hau gaba saboda mai karatu ya riƙa naɗe shafuka zuwa baya. Doguwar karya daga sama har ƙasa a tsakiyar bango alama ce ta littafin da aka ninka aka aika ta gidan waya. Ja da ruwan ɗorawa su ne launukan da rana ke fara koɗarwa. Bangon baya ma bango ne, a duba shi kamar na gaba.

Wasu aibobin daga maɗaba'a suka zo: bangon da ya ɗan karkace, ko ƙananan ɓantarewa a gefen dama na littattafan Marvel na ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, wadda ake dangantawa da dakusasshiyar wuƙar yanka. Ana yi musu sassauci fiye da ɓarnar hannu, amma suna hana littafi samun babban maki wajen tantancewa. Ƙaramin kwanan wata da mai kanti ya rubuta da fensir ba ya rage komai sosai. Littafin da aka yanke kashi ɗaya cikin uku na saman bangonsa kuwa, wanda bai sayu ba ne, aka mayar wa kamfani yankin mai ɗauke da sunan don a karɓi kuɗi, darajarsa tana can ƙasa.

Kwaskwarima

Nan ne kuɗi ke salwanta da yawa, domin littafin da aka yi wa kwaskwarima ya fi kowanne kyau a ido. Gyara ba laifi ba ne idan an faɗa. Matsalar ita ce masu tarawa sun fi son wanda ba a taɓa ba, don haka gyararre yakan faɗi ƙasa sosai, wani lokaci bai kai rabin kuɗin takwaransa ba, sai mai sayarwa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mafi yawa shi ne cike launi. Ana ɗaukar alƙalami baƙi ko ja a shafe fararen layukan da ke ƙashin baya da kusurwoyi. Ka buɗe bangon ka dubi cikinsa daidai bayan wurin: tawadar alƙalami tana ratsa takarda ta fito ta baya kamar ɗigon shuni a farar riga, tawadar maɗaba'a ba ta yin haka. Da madubi kuma za ka ga launin asali ƙananan ɗige-ɗige ne a jere, na hannu kuwa shafe yake, ba ya sheƙi daidai da kewayensa. Lanƙwasar da kake ji da yatsa a wuri mai baƙin launi, amma babu farin layi ko kaɗan, abar tuhuma ce.

Fitilar duba kuɗi tana taimakawa a ɗaki mai duhu. Tsohuwar takarda ba ta ƙyalli a ƙarƙashinta, amma gam da sabuwar takardar da aka yi faci da ita sukan haska. Sai dai ba kowane fenti take nunawa ba, don haka rashin ganin komai bai wanke littafi ba. Ka haɗa da yatsa: wurin da aka liƙa ya fi kauri da tauri.

Datse gefe ya fi muni, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Ana sa reza a rage milimita ɗaya ko biyu don a kawar da gefen da ya tauye. Ka ɗora littafin a kan wani na kamfani ɗaya da shekara ɗaya ka gwada, ko da yake girman yakan ɗan bambanta tun daga maɗaba'a. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce launin bakin takarda. Littafin da shafukansa suka yi ruwan ƙasa amma bakinsa fari tas, mai kaifi kamar jiya aka yanka, akwai magana. Haka nan idan gefe ɗaya ya fi sauran biyun tsabta.

Sai canjin fil da haɗa littafi biyu. Fil mai walƙiya da tabon tsatsa a kewayensa ya nuna an cire tsohon. Ƙarin ramuka, ko sawun filaya a bakin fil, haka. Idan an ɗauko bango ko takardar tsakiya daga wani kwafi, launin takardar ba zai zo ɗaya ba, kuma tabon da ke shafi ɗaya ba zai bar sawu a maƙwabcinsa ba. Bangon da aka wanke da ruwa ko sinadari yakan rasa sheƙi, ya yi fari fiye da cikin littafin, ya ɗan yi kaushi.

Guga da zafi da danshi, da goge datti a bushe, manyan kamfanonin tantancewa ba sa lissafa su a kwaskwarima. Salatif kuma aibi ne kawai, kuma mugu, domin gam ɗinsa yana nutsewa cikin takarda ya bar tabo mai maiƙo.

Maki

Ma'aunin da kasuwa ke aiki da shi yana tashi daga 0.5 zuwa 10. Kundin farashi na Overstreet, wanda Robert Overstreet ya fara fitarwa a 1970, shi ya shimfiɗa ƙa'idojin da aka fi bi. A taƙaice, 9.4 littafi ne da kamar yanzu aka sauke shi daga kanta, sai ka ƙura ido za ka ga aibi. Mai 8.0 an karanta shi da kulawa, yana da 'yan layuka kaɗan a ƙashin baya, sheƙinsa na nan. Mai 6.0 ya sha hannu amma tsaf yake, tsagewar ƙashin bayansa ba ta wuce wajen milimita 6 ba. Mai 4.0 shi ne irin wanda aka fi samu a tsofaffin kwalaye: lanƙwasa da yawa, kusurwoyi sun dakushe, tsagewa har santimita 2 da rabi. Mai 2.0 cikakke ne, ana karanta shi, amma ya jigata, tsagewar tana iya kai santimita 5, bangon ma yana iya rabuwa da fil. Ƙasa da haka, sai in littafin na musamman ne.

Ba a tara aibobi a raba. Aibi mafi girma shi ke sa wa maki rufi, sauran su ja shi ƙasa. Littafin da komai nasa ya yi kamar 9.0 amma yana da karya mai farin layi daga kusurwa zuwa tsakiya, ya bar sahun manya. Kuma kusan kowa yana ƙara wa kayansa maki, har da mai gaskiya, don haka idan kana shakka tsakanin maki biyu, ka yi ciniki a kan na ƙasa.

Wanda aka rufe a gidan roba

Kamfanin CGC da ke Sarasota a jihar Florida ya fara aiki a 2000, CBCS ya biyo baya a 2014. Suna duba littafi, su ba shi maki, su rufe shi a gidan roba mai tauri da takardar shaida a sama. A wurin CGC launin takardar yana magana: shuɗiya ta wanda ba a taɓa ba ce, mai launin shanshanbale ta wanda aka yi wa kwaskwarima, ruwan ɗorawa ta wanda aka sa wa hannu a gaban wakilinsu. Koriya ita ce ke ruɗar sabon shiga. Ma'anarta akwai babban aibi ɗaya da aka ajiye gefe aka ba da maki kamar babu shi, misali hoton nan da aka yanke. Saboda haka 8.0 a koriya ba ta kai 8.0 a shuɗiya ba ko kusa. Ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin takardar, har da bayanin launin shafuka.

Kowane gida yana da lambar shaida. Ka shigar da ita a shafin kamfanin ka ga ko suna da lamba da maki sun dace, in akwai hoto ka gwada aibi da aibi. Ka bi gefunan robar kana neman tsagewa ko alamar an ɓalle an mayar. Wannan ba yawan zargi ba ne: a farkon 2024 CGC da kansa ya fitar da jerin ɗaruruwan littattafai da ake zargin an buɗe gidajensu an musanya na ciki da mai ƙarancin daraja.

Farashi

Kuɗin da mai kaya ya sa ba shi ne farashi ba. Farashi shi ne abin da aka biya. Ka duba cinikin da aka kammala a eBay, da tarihin gwanjon Heritage, da shafuka irin su GoCollect da GPAnalysis. Ka nemi ciniki uku zuwa biyar na littafi ɗaya, maki ɗaya, launin takardar shaida ɗaya, cikin watannin baya-bayan nan, ka ajiye mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya. Kwanan wata yana da muhimmanci, domin kasuwar ta yi tashin gwauron zabo a 2021, daga baya littattafai da yawa suka sauko.

A ƙananan maki lissafin yana tafiya a hankali. Bisa tsarin Overstreet, idan mai 2.0 dala 100 ne, mai 4.0 zai kama wajen 200, mai 6.0 wajen 300. Daga 8.0 zuwa sama abin yake rikiɗewa, kowane ɗan mataki ya ninka kuɗi. Amazing Fantasy lamba 15 na 1962, inda Spider-Man ya fara fitowa, mai maki 9.6 an sayar da shi dala miliyan 3.6 a Satumban 2021, alhali mai 2.0 bai kai kashi 2 cikin ɗari na wannan ba. Don haka kuskuren rabin maki a ƙasa ƙaramar asara ce, a sama kuwa babba. Sabon mai saye ya fi samun kwanciyar hankali tsakanin 4.0 da 6.0. Littafin da ba a rufe a roba ba kuma bai kamata a biya shi kuɗin rufaffe ba, tunda kai ne ka ɗauki kasadar abin da ba a gano ba.

Hannun da littafi ya fito ma yana ƙara kuɗi. A 1977 wani ɗan kasuwa, Chuck Rozanski, ya sayi tarin littattafai kusan dubu 20 da mai zane Edgar Church ya adana a gidansa a Denver, inda iska ke da sanyi da bushewa. Shafukansu sun fito farare, har yau ana biyan na wannan tari fiye da takwarorinsu. Amma sai da shaida a rubuce, ba da baki ba.

Saye ta intanet cinikin biri a sama ne in ba ka nemi hotuna ba. Ka ce a fitar da littafin daga leda, a ɗauko gaba da baya, cikin bangaye biyu, tsakiya da fil a bayyane, ƙashin baya a hasken gefe, da shafin da ke da bayanin bugu. Ka yi tambaya a rubuce: an ƙirga shafuka, an yanke wani abu, an yi gyara? Wanda ya ƙi amsawa, ka wuce. Ga mai saye daga Najeriya ko Nijar, a haɗa la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, da kuɗin aikowa, inshora, kwastan da canjin dala, kafin a taya. Idan ta hannun kamfanin turo kaya za a bi, kariyar mai saye takan ƙare a inda kayan suka fara sauka, don haka a nemi su ɗauki hoto tun a can. A kuma roƙi mai kaya ya matse littafin tsakanin kwalaye biyu masu tauri da suka fi shi faɗi.

Na gida ma suna da masu nema: mujallar African Film mai labarin hoto ta ƙarshen shekarun 1960, ko Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976. Farashinsu ciniki ne tsakanin mai kaya da mai so, amma dubawar ɗaya ce, sai dai a ƙara neman hanyar gara da cin kyankyaso a gefen ƙashin baya.

Idan littafi ya iso, yanayinmu shi ne abokin gabarsa na farko. Takarda ta fi son sanyin wajen digiri 18 zuwa 21 da laimar kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa muna da zafin bazara da ke haura 40, da hunturu mai busar da komai, da damina mai jiƙa shi. Wannan hawa da saukar ita ke sa takarda ta kumbura ta motse har ta saki fil. A sa kowane littafi a ledar adana takardu da ake kira Mylar, da kwali marar asid a bayansa, a jera su tsaye a akwati ba tare da matsi ba, a ɗaki na ciki da rana ba ta bugun bangonsa. Kada a ajiye a ƙarƙashin rufin kwano ko a ƙasa a kan siminti. A ɗaga akwatin a kan kanta, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima a ciki lokacin damina, a riƙa buɗewa duk bayan wata biyu ko uku ana duba ƙasansa saboda gara.